Tambaya da Amsa: In ƙararrawar gidanka ta yi ihu, wa zai zo?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo akan abu ɗaya suke, wato alam ɗin tsaron gida da kamfanonin nan da suke cewa in kana biyansu duk wata su za su riƙa sa ido a kai dare da rana. Na zaɓo waɗanda suka taɓo abinda mutane da yawa suke tambaya, wasu na ɗan gajarta su saboda fili.

Tambaya: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Na gama ginin gidana zamu tare nan da wata guda insha Allah, to nayi magana da kamfani biyu akan saka alam, na farkon sunce zasu saka min komai sannan in dinga biyansu duk wata su suna lura daga ofishinsu, na biyun kuma sunce ba sai na biya kowa ba duk abinda ya faru wayata ce zata yi ƙara. Ni gaskiya kuɗin watan nan ne yake min nauyi tunda gini ya cinye ni amma kuma bana son inyi arahar da zan zo ina da na sani. Wanne zan ɗauka? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri ya sa a shiga a sa'a. Kafin ka zaɓi kowa ina so ka fara sanin yadda abin yake aiki daga farko har ƙarshe. Sensa ce take fara jin an buɗe ƙofa ko wani ya gifta, sai ta sanar da uwar na'urar wato akwatin da komai yake haɗuwa a cikinsa, akwatin ya kunna jiniya ya kuma tura saƙo waje, sai wani ɗan adam ya ga saƙon, sannan wani ya taso da ƙafarsa ya zo ƙofar gidanka. Masu talla sun fi son su tsaya da kai a kan sensa da akwati saboda su ne masu kyalli, su ake iya nuna maka a hannu. Kai kuma ka fara cinikin daga ƙarshe, wa zai zo, daga ina zai taso, minti nawa zai ɗauka.

Shi na biyun da yace wayarka zata yi ƙara gaskiya ya faɗa, amma ka tuna wayar nan tana mutuwa ba caji, kana sa ta a shiru in zaka kwanta ko in ka shiga taro, kana shiga inda babu sabis, kana hawa jirgi. Ko da ka ga saƙon a kan lokaci ma, kana wani gari mai nisa ƙarfe uku na dare, sai ka kira wa? In kana da amsar wannan, misali maƙwabci na amana da ɗan'uwa da yake kusa kuma dukansu sun yarda a saka musu manhajar a wayoyinsu, to lura da kanka zai iya yi maka. In baka da amsa kuwa, abinda ka saya kawai shi ne sanin lokacin da aka shiga gidan.

Su kuma na farkon kar ka ɗauka wai wani yana zaune yana kallon gidanka. Ma'aikacin cibiyar, wato ofishin da suke sa ido daga can, yana jiran saƙo ne ya faɗo masa a kwamfuta, in ya faɗo sai ya kira ka ya tambayi kalmar sirri, in baka ɗauka ba ya kira lamba ta biyu, sannan ya tura motar sintirinsu ko ya kira ƴan sanda. To a nan ne ake yawan rufe mutane da baki, sai ace maka "ai zamu kira ƴan sanda" kamar magana ta ƙare kenan. A Amurka wani littafin jagora da ma'aikatar shari'arsu ta fitar ya nuna tsakanin kashi 94 zuwa 98 cikin ɗari na kiran alam da ƴan sanda suke samu ba na gaske bane, shi yasa ƴan sandan birnin Salt Lake City tun shekarar 2000 suka daina fita sai in wani ya tabbatar musu da gaske an shiga gidan. A Ingila kuma in alam ɗinka ya yi kiran ƙarya sau 3 cikin wata 12 sai ƴan sanda su daina zuwa gidanka har sai ka gyara. Kaga ko a inda tsarin ya daɗe yana tafiya, kiran ƴan sanda daban zuwansu daban. Saboda haka ka zaunar da kamfanin ka tambaye su, kuna da motar sintiri taku ko haya kuke yi da wani kamfani, a ina take kwana, in sun iso me zasu yi, zasu shiga ko zagaye katanga kawai zasu yi su rubuta rahoto (da yawa iyakarsu kenan), kuma lokacin da kuka ce ɗin zaku rubuta min shi a takarda? Wanda ya fara kame kame a nan ka barshi.

Ra'ayina dai, in gidan yana yawan zama ba kowa ko kai mai tafiye tafiye ne kana barin iyali, ka daure ka biya na watan. In kullum akwai babban mutum a gida kuma kana da mutanen da zasu taso, ka sayi na'urar da take karɓar duka biyun, ka fara da lura da kanka, watan da zaku yi tafiya ka kunna sa idon kamfani na wata ɗaya. Akwai masu irin wannan tsarin, ka tambaya.

Sannan tunda yanzu ka gama gini, dan Allah kar kuɗin alam ya cinye na ƙofa. Wani bincike da Farfesa Andromachi Tseloni da abokan aikinta suka yi da bayanan laifuka na Ingila da Wales, aka wallafa a 2017, ya gano gidan da ya haɗa makullin taga da makulli biyu a ƙofa da fitilar ciki mai kunna kanta a kan lokaci da fitilar waje mai kamawa in an gifta, ya fi gidan da ba shi da komai kariya har sau 49. Babu alam a cikin huɗun nan. Ƙofa mai ƙwari ita take jinkirta mutum, alam kuma ya yi amfani da jinkirin ya kira taimako. In kuma ba'a gama fenti ba kuyi sauri a ja wayoyin sensa ta cikin bango yanzu, ya fi sauƙi kuma ka huta da canjin batir.

Tambaya: Malam ni na riga na saka kyamara guda huɗu a gidana ina gani ta waya, maigidana baya gari sosai sai ni da yara. Ƙawata tace wai ba zasu isa ba sai na ƙara da alam, ni kuma ina ganin ai ɓarnar kuɗi ce tunda ina ganin komai. Meye gaskiyar magana? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya ƙawar nan taki tana sonki. Kina ganin komai ne lokacin da kike kallo, to in kin yi barci fa? Kyamara bata tashin mai barci, da safe ne zata nuna miki abinda ya faru, shi ma in ba'a ɗauke akwatin da yake naɗar bidiyon an tafi da shi ba, wanda abu ne da masu fasa gida suka sani sarai. Don haka tun yau ki sa a ɓoye akwatin nan a inda ba za'a yi tunani ba kar a barshi a falo kusa da talabijin, in da hali kuma bidiyon ya riƙa hawa intanet.

Ga wadda take kwana ita da yara abinda yafi miki amfani a alam shi ne tsarin "muna gida". Da dare sai ki kunna shi, sensar ƙofofi da tagogi duk su kasance a farke, amma sensar motsi ta cikin ɗakuna tana kashe, yaro zai iya tashi ya je bayi ko ya sha ruwa ba abinda zai yi ƙara, amma ana taɓa ƙofar baya ko tagar kicin jiniya zata tashi mutumin yana waje bai shigo ba tukuna. Sensar ƙofar ba wani abu bane mai wahala, gida biyu ce, ɗaya a jikin ƙofa da maganaɗisu a ciki ɗaya a jikin firem, suna rabuwa sai ta sanar. In kina da manyan tagogin gilashi ki ƙara da mai jin ƙarar fashewar gilashi domin wanda ya fasa ya shiga bai buɗe taga ba balle maganaɗisun ya rabu.

Kuma ƙarar tana aiki. A 2012 masu bincike a Jami'ar North Carolina da ke Charlotte sun tambayi fursunoni 422 da aka ɗaure saboda fasa gidaje, wajen kashi 83 cikin ɗari sunce sai sun fara duba ko akwai alam, wajen kashi 60 kuma sunce in sun ga akwai sai su nemi wani gidan. Ba duka bane zasu gudu, kar in yaudare ki, amma rabi da ɗoriya ba ƙaramin abu bane. Kyamarorinki kuma ba asara bane, in aka haɗa su da alam su zasu nuna miki ko ma'aikacin cibiya cewa mutum ne da gaske ba iska ba, wannan tabbacin shi yake sa a taso da sauri. Sai dai ki duba ko ɗaya daga ciki tana ɗaukar fuska, yawanci ana maƙala su can sama sai su riƙa ɗaukar tsakiyar kai da hula.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Ni ɗan haya ne mai gidan ba zai yarda in fasa masa bango ba so dole mara waya zan saka, amma naji ance ɓarayi suna da wata na'ura da take toshe siginal, ga kuma wuta da ake yawan ɗaukewa a inda nake. Anya ba zubar da kuɗi zanyi ba kuwa? Daga wani matashi.

Amsa: Ƙanina ba zubarwa zaka yi ba in ka san abinda zaka tambaya. Maganar toshe siginal gaskiya ce, sensa mara waya tana magana da akwati ta zangon rediyo irin su 433 ko 868 megahaz, kuma ana iya cika zangon da hayaniya har akwatin ya kasa jin ta. Amma na'ura mai kyau tana gane an toshe ta sai ta ɗauki hakan a matsayin hari ta sanar, kuma duk bayan ɗan lokaci sensa tana gaisawa da akwatin, in ta yi shiru sai a sani. Ka tambayi mai sayarwa abu biyun nan ya nuna maka a takardar na'urar, ka tambaya kuma ko saƙon a kulle yake tafiya, domin masu arahar nan lambarsu ɗaya ce bata canzawa, ana iya naɗar saƙon rimot ɗinka a maimaita shi a kashe alam. Duk da haka ni wutar ce tafi damuna a tambayarka, tunda yawancin masu fasa gida da ƙarfe suke zuwa su ɓalle ƙofa, ita kuwa wuta kullum ce.

Ma'aunin da ake bi a Turai mai suna EN 50131 ya raba alam mataki 4, na gidajen zama yawanci mataki na 2 ne kuma dole batirinsa ya riƙe awa 12 ba wuta. In a wajenku ana wuce haka to ka haɗa akwatin da inbata ko sola. Ka sani kuma batirin cikin akwatin da ake cewa yana shekara 3 zuwa 5, a inda ake yawan zuƙe shi har ƙasa ga zafi baya kaiwa haka, sai ka riƙa gwada shi, ka cire filogi ka ga awa nawa zai yi. Inda mutane suke mantawa shi ne rauta, wato na'urar da take ba gida intanet. Akwatin yana da batir yana nan da ransa amma rautar da zai bi ya tura saƙo ta mutu tare da wuta, jiniya zata yi ta ihu amma wayarka shiru. Shi yasa nake cewa ka sayi mai hanya biyu, intanet ɗin gida da kuma sim a cikin akwatin, ɗaya ta faɗi ɗaya ta ɗauka. Sim ɗin ya zama 4G. A Amurka da kamfanin waya na AT&T ya rufe 3G a watan Fabrairun 2022 sai da aka bi gida gida ana canza na'urar tura saƙo ta tsofaffin alam, kuma ƙasashe da dama suna kan rufe 2G da 3G, kar a sayar maka da tsohon kaya da aka kwaso daga can. In kai kake saka wa sim ɗin kati kar ka bari ya ƙare ko a rufe layin saboda an daɗe ba'a yi amfani da shi ba.

Abu na ƙarshe, kar ka yarda a kafa maka uwar na'urar a bakin ƙofa. In an buɗe ƙofar shiga alam yana jira ɗan lokaci domin ka danna lambarka, a ma'aunin Turai bai wuce sakan 45 ba, to wannan ya ishi mutum ya fizge akwatin ya buga da ƙasa kafin ya tura komai. Madannin lamba kawai ake sawa a ƙofa, akwatin kuma can ciki a ɓoye. Wasu na'urorin ma ana buɗe ƙofa suke tura "an shigo muna jira", in ba'a biyo da "an kashe" ba sai cibiya ta ɗauka hari ne, wannan in ka samu ka riƙe shi. Kuma ka faɗa wa mai gidan kafin ka maƙala jiniya a waje ko da ba fasa bango, hakkinsa ne.

Tambaya: Malam wlh alam ɗin nan ya ishe ni, sati biyu kenan kusan kullum sai ya tashi da tsakar dare mu fito babu kowa, maƙwabta har sun fara min magana. Muna da kyanwa amma mai sakawar yace sensar bata ganin dabba. Yanzu dai na kashe shi gaba ɗaya na huta. Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam kar ka barshi a kashe, kuma kar ka barshi yana ihun banza, domin randa abin gaske ya zo maƙwabtan nan juyi kawai zasu yi su ja bargo. Ka shiga manhajar ko madannin ka buɗe tarihin abinda ya faru, zai nuna maka wace sensa ce take tayar da shi da ƙarfe nawa, kusan kullum guda ɗaya ce. Sensar motsi zafin jiki take gani in yana giftawa. Wadda ake cewa bata ganin dabba an tsara ta ne ta ƙyale ƙaramin abu da yake yawo a ƙasa, amma kyanwa ai bata zama a ƙasa, tana hawa kujera ta haye kan kabad ta zo dab da sensar sai ta zama ƙatuwa a idonta. Ko dai a juya sensar ta daina kallon abin hawa, ko a fitar da kyanwar daga ɗakin da dare, ko a canza zuwa mai ido biyu wadda sai zafi da motsi sun haɗu take yarda. In ba kyanwar bace ka duba ko tana fuskantar esi ko taga ko labulen da fanka take kaɗawa, ko gizo gizo ya yi saƙa a fuskarta, ko tsaka tana bi ta kai, ko batir ya yi sanyi. In ta ƙofa ce to ƙofar tana wasa in iska ta buga, kafinta zaka kira. Ka sa a saita jiniyar ta riƙa yin shiru da kanta, a Turai minti 15 ne iyaka. Shi kuma mai sakawar ya dawo ya gyara, aikinsa ne bai gama ba.

Tambaya: Wani kamfani sunzo har gida sunce zasu saka min kyauta in dai na sa hannu yau, gobe garaɓasar ta ƙare. Na ce su bani zuwa jibi sai suka fara cewa ai an shiga gidaje a layinmu. In sa hannu ne? Daga wata ma'aikaciya.

Amsa: Ƴar'uwa kar ki sa. Duk wanda yake tsorata ki domin ki sa hannu yau baya son ki karanta takardar ne. Kayan da akace kyauta an raba kuɗinsu a cikin na wata wata, shi yasa irin wannan kwantiragin yake kaiwa wata 36 wani har 60, kuma in kika ce zaki fita a tsakiya sai a nemi ki biya mafi yawan kuɗin watannin da suka rage. Ki karɓi takardar ki kwana da ita, ki lissafa kuɗin wata sau yawan watannin ki kwatanta da wanda zai sayar miki da kaya ki biya sa ido daban. Ki nemo inda aka rubuta ko yana sabunta kansa in ya ƙare da kuma kwana nawa kafin nan zaki sanar in bakya so, ko suna da ikon ƙara kuɗi a tsakiya, in kin tashi daga gidan ya ake yi, batir da gyara a kan wa suke. Wanda yafi muhimmanci, in kun rabu kayan na waye, kuma zasu yi aiki da wani kamfani ko a kulle suke? Akwai wanda zaki gama biya tsaf amma ranar da kika bar su akwatin ya zama kwalliyar bango. Wasu ƙasashen doka ta bada damar fasa cinikin da aka yi a ƙofar gida, a Amurka kwana 3 a Ingila kwana 14, ki bincika ta inda kike. Sannan kar ki zagaya da baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa cikin gidanki yana ƙirga tagogi sai kin kira ofishinsu da lambar da kika samo da kanki kin tabbatar nasu ne.

Tambaya: Malam ni tsorona ɗaya, su masu sakawar ai sun san komai na gidan, sun san lambar, kuma ance suna iya kallon mutum ta kyamara. Ina da ƴanmata a gida. Ya zanyi? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya tsoronki yana kan hanya kuma ya taɓa faruwa, da ɗan gari akan ci gari. A jihar Texas wani ma'aikacin kamfanin alam na ADT ya amsa laifi a kotu a 2021, in ya je saka kaya sai ya ƙara imel ɗinsa a asusun masu gidan, da haka ya leƙa kyamarorin gidaje wajen 200 sama da sau 9,600. A 2023 kuma kamfanin Ring mai sayar da kyamarorin tsaro ya yarda ya biya dala miliyan 5.8 bayan hukumar kare masu saye ta Amurka ta zarge shi da barin ma'aikata suna ganin bidiyon mutane. To ga abinda zaki yi. Asusun ke zaki buɗe shi da imel ɗinki da hannunki, kar a buɗe miki a miƙo. Suna tafiya ki canza kalmar sirri, ki kunna tsarin nan da sai an turo lamba wayarki kafin a shiga, ki buɗe jerin masu izini ki goge duk sunan da baki sani ba, kuma ki riƙa leƙa jerin nan lokaci lokaci. Kalmar sirrin da kyamara ta zo da ita daga masana'anta kar ta kwana, da irinta aka kame dubban ɗaruruwan na'urori a harin intanet da ake kira Mirai a 2016. A madannin akwai lambar mai gida akwai ta injiniya, ki sa a saita yadda ta injiniya bata aiki sai kin bada izini. Kowa a gidan da lambarsa, mai aiki ma da tata, ranar da ta bar aiki ki goge tata kawai. Ki tambaya kuma a saita miki lambar tilas, wadda in an tsare mutum ance ya kashe alam sai ya danna ta, alam zai mutu kamar gaske amma a ɓoye ya tura neman agaji, sai dai wannan sai da cibiyar sa ido ko wani a waje da zai karɓa. Ɗakin kwana da ɗakin ƴanmata kuwa kyamara bata da abin yi a ciki ko ta wane kamfani ce, ƙofofi da harabar gida sun isa.

Tambaya: Mahaifina ya tsufa yana zaune shi da wani yaro mai kula da shi, ni kuma aiki ya kaini nesa. Wane irin alam ya dace da shi? Baya son abu mai danne danne. Daga wani ɗa.

Amsa: Allah ya saka maka da alheri ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A nan ba sai na yi dogon tunani ba, ka biya sa idon kamfani, domin kai kana nesa shi kuma ba zai bi saƙon waya ba. Madanni ka barshi, a bashi ɗan rimot mai maɓalli biyu ko katin da ake karawa, sannan da maɓallin neman agaji na ratayawa a wuya wanda ruwa baya ɓata shi, tunda a bayi tsofaffi suka fi faɗuwa kuma a nan ne ake cire shi a ajiye. Ka haɗa da sensar hayaƙi a cikin tsarin, ƙungiyar kare gobara ta Amurka NFPA ta ce wajen uku cikin biyar na mutuwar gobarar gida a gidajen da babu sensar hayaƙi mai aiki suke faruwa, ana gwada ta duk wata a canza ta bayan shekara 10. In ana kunna janareta kusa ko ana girki da gas ka ƙara da mai jin iskar kabon monoksaid, ita bata da wari bata da kala. In tagogin ɗakinsa da ƙarfe a tabbatar akwai guda ɗaya da take buɗuwa ta ciki. Sai ka nemi mutum biyu na kusa da ka yarda da su ka bar musu makulli, ka ba kamfanin lambobinsu a jere a gaban taka, saboda masu agaji in sun zo suna buƙatar mai buɗe musu ƙofa. Ranar da aka gama sakawa ka kira cibiyar kace zaku yi gwaji, Baba ya danna maɓallin da hannunsa ya ji muryar da zata kira shi, kai kuma ka duba agogo ka ga minti nawa suka ɗauka.